Ƙafar Kabtin da Tukunyar Miyata

Na gode wa Allah da ya tashi kafaɗun maigidana, ina kuma yin salati ga Manzonsa. Ban ɗauki biro don in ba da labarin haƙurina ba, don ba ni da shi da yawa. Na rubuta ne saboda mata irina da ke jinyar mazajensu a ƙasar da ba da harshenmu likita ke magana ba. Ni da hannuna na kusa yi wa mijina illa har sau biyu, kuma duka biyun da kyakkyawar niyya na yi.

Sunana Rakiya. Maigidana Malam Isiyaku ne, amma a Sa'alaba, unguwarmu da ke kudancin Jidda, in ka ce Isiyaku sai an tsaya tunani. Kabtin kowa ya sani. Haka mutanen nan ke kiran duk wanda ya yi suna a ƙwallo ko yake koyar da ita, sunan kuma ya biyo shi har cikin gida, har ni ma na ari bakinsu.

Tun yana ɗalibi a kwalejin horon malamai can gida yake buga wa makarantarsu baya. In yana ba da labarin shekarun nan, sai ka rantse ba a taɓa zura musu ƙwallo ba. Da ya gama aka riƙe shi a kwalejin yana koyarwa, yana kuma horar da 'yan wasan makarantar, a lokacin ne aka ɗaura mana aure. Wani ɗan wasa ya taɓa shigar masa a gwiwar hagu, ta warke amma ba ta koma daidai ba. Daga baya wani abokin karatunsa ya samo masa aikin magatakarda a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, aka yi masa iƙama, wato takardar izinin zama, ni ma na biyo shi. Ba mu sayi firji ba tukuna ya riga ya gano wani fili a bayan unguwa, ya tara 'yan dako da direbobi da jikokin alhazan da suka zauna a nan, ya kafa kulob. Shekara ashirin da wani abu, in an yi sallar La'asar ba a nemansa a gida. Kuma ba tsayawa yake a gefe kamar sauran masu horarwa ba, yana da shekara hamsin da biyar yana shiga cikin matasa ana gogayya da shi.

Yana da wata baiwa da yake ji da ita, wato tausa. Duk ɗan wasan da nama ya ɗaure masa, wurin Kabtin yake zuwa, ya kwantar da shi ya shafa man zafi ya murza har sai ƙato ya yi kuka. Ni ma ya koya mini, saboda nasa jikin.

Abin ya fara ne bayan sun je Riyad wasan sada zumunci da 'yan uwanmu mazauna can. A bas suka je suka dawo, shi kuma don kara ya bar wa 'yan wasa kujeru masu sarari, ya zauna a kujerar kan taya ƙafa a naɗe tun daga can har Jidda. Kwana biyu da dawowarsa na ga yana ɗingishi.

"Kabtin, ƙafar ce?"

"Nama ne ya ɗaure. Ɗauko man nan ki murza mini."

Sharaɓarsa ta hagu ta fi ta dama girma, fatar tana sheƙi, in ka taɓa da ɗumi kamar an ɗora ta a kan murhu. Na faɗa masa ni ban taɓa ganin ɗaurewar nama mai zafi haka ba. Ya ce tun ban san ƙwallo zagayayya ce ba yake gyara ƙafafu, in murza kawai. Na murza. Safe da yamma, da dukkan ƙarfina, da babban yatsa ina turawa sama yadda ya koya mini, yana cije haƙori yana cewa haka ne, yanzu kike aiki. Kwana biyar muna wannan.

A mako na biyu ƙafar ta ƙi shiga takalmi. Da ƙyar na kora shi wani ƙaramin asibiti da ke bakin titi. Wanda ya duba shi bai ko sa ya naɗe wando ba. Da ya ji an ce ɗan ƙwallo ne, sai ya rubuta masa ƙwayar rage zafi da wani man shafawa, ya ce a ci gaba da tausa. Kabtin ya dawo yana ta kaɗa mini takardar a fuska. Har yau in na wuce ƙofar wurin nan sai na ji raina ya ɓaci.

Maƙwabciyarmu Khala Asiya ta shigo dubiya. A Jidda aka haife ta, kakanta ne ya zo Hajji a ƙasa ya zauna, kuma babu ciwon da ba ta da maganinsa. Ta leƙa ƙafar daga nesa.

"Ya binti, wannan mataccen jini ne. Hijama za a yi masa, ƙaho biyu, halas."

Aka sa ranar Alhamis mai ƙaho zai zo. Allah da ikonsa, ranar Laraba abin ya fashe. Ya dawo daga sallar La'asar, ina jiran in ji ya turo ƙofa, shiru. Na leƙa na same shi zaune a kan matakala ta shida, hannu a ƙirji, yana numfashi kamar wanda ya yi tsere. Mutumin da ke zagaye fili sau goma bai yi haki ba.

"Rakiya, iskar ce ba ta isa."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Wani maƙwabcinmu mai tasi ya ɗauke mu zuwa babban asibiti. A nan kuma aka fara: ina iƙama, ina katin kamfani, wa ne kafilin da ya tsaya masa, je ki waccan tagar, dawo wannan. Mijina na kan kujera yana neman numfashi, ni ina yawo da takardu da Larabcina na cefane. Sai da 'yarmu Maryam ta iso daga Sharafiyya, inda take aure, ta buɗe musu wuta da Larabcin da aka haife ta a cikinsa, sannan aka tura shi ciki. Gaskiya kuma, da aka shigar da shi ba su yi wasa ba.

Likitan da ya karɓe shi ɗan Sudan ne, dogo, mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Aka ɗauki hoton ƙafa, aka ɗauki na ƙirji. Ya fito ya faɗi kalma ɗaya da har yau take kunnena: jalɗa. Maryam ta fassara mini cewa jini ne ya daskare ya yi gudaji a jijiyar ƙafa, wani ɗan guntu kuma ya ɓalle ya tafi huhu. Likitan ya sunkuya ya shinshina ƙafar, don warin man zafi ya cika ɗakin.

"Wa ya murza ta?"

Na ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. Ya dube ni, ya ce wa Maryam ta gaya mini a hankali cewa irin wannan ƙafar ba a murza ta, domin tausa na iya ɓalle gudajin ya bi jini. Bai ce ni na jawo ba. Ni dai na fita baranda na zauna na yi ta kallon manyan yatsuna.

Kwana tara ya yi a kwance. Allura ake masa a fatar ciki, shi da ke tsoron allura fiye da jan kati. 'Yan kulob ɗinsa suka riƙa zuwa ayari-ayari har mai gadi ya fara tare su a ƙofa, suna shigowa biyu-biyu suna sumbatar goshinsa. Wani ya kawo lemo, wani dabino, wani kuma ya kawo masa ƙarar mai tsaron gida cewa ba ya zuwa atisaye. Daga kan gado, da robar iska a hanci, Kabtin ya yanke hukunci. Kamfaninsu ya ɗauki nauyin mafi yawan jinyar, wannan kam sai godiya. Abincin asibitin ne dai ban yafe ba, shinkafa fara fat ba gishiri da kaza kamar an dafa ta a ruwan wanka.

Ranar sallama ina ɓangaren mata ina jira, Maryam kuma ta tafi karɓo magani, don haka shi kaɗai ya shiga wurin likita. A mota ya ba ni bayani. Akwai wata 'yar ƙwaya da zai riƙa sha kullum, mai tsinka jini. Duk Litinin zai je a ɗebi jininsa a auna, akwai lambar da ake so ta tsaya tsakanin biyu da uku. In ta yi ƙasa, jinin ya yi kauri, gudaji na iya dawowa. In ta yi sama, ya tsinke da yawa. Kuma ba shi ba fili sai lambar ta zauna daidai sau uku a jere.

"Abinci fa? Bai hana ka komai ba?"

"Ya ce in yi hankali da khudra. Ganyen nan nasu, salak da su jarjir."

Na yi dariya har direba ya waiwayo. Shekara talatin ina fama da mutumin nan ya ci salak, yana ce mini shi ba akuya ba ne. Na ce wannan doka kam an gama bin ta tun kafin a kafa ta.

Muka dawo gida, 'yan dubiya suka cika falo. Kowa ya tambayi me likita ya ce, sai a ce matsalar jini ce. To mu kuwa kun san mu, in an ce jini, abu ɗaya muka sani, ƙaranci. Khala Asiya ta kira ni gefe.

"Ya binti, dubi idonsa fari fat. Kullum suna zuƙe masa jini a kwalba, da me zai mayar? Ki dage da ganye. Zogale, alayyahu, mulukhiyya, kada tukunyarki ta huta."

Ban ga abin musu a maganarta ba, don haka uwata ta yi jinyar ubana. Aka yi sa'a wata 'yar uwata da ta zo Umara ta kawo mini busasshen zogale rabin buhu da garin kuka. Khala kuma ta ɗauki nauyin mulukhiyya, wato lalo, kullum sai ta aiko da kwano. Da safe in yi masa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Da rana tuwo miyar kuka ko ta alayyahu. Da yamma mulukhiyyar Khala, in kuma tafasa zogale in tace masa ruwan ya sha kamar shayi. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa wannan shi ne khudrar da likita ke nufi ba. A wurina khudra ɗanyen ganye ne da Larabawa ke yankawa a faranti su matsa lemon tsami. Abin da ya shiga tukunya ya sha daddawa kuwa sunansa miya.

Kabtin ya murmure, kumatu suka fito, kumburin ƙafa ya fara saɓewa. Duk wanda ya zo sai ya yaba jinyata, ni kuma ina ta fasa kai.

Litinin ta farko muka yi sammako, muka ja lamba, muka zauna har kusan Azahar kafin a kira shi. Sakamako ya fito ɗaya da ɗigo uku. Likita ya ce farko ne, a ƙara mako. Litinin ta biyu, ɗaya da ɗigo huɗu. Ya ƙara yawan ƙwayar. Ta uku ba ta motsa ba. A nan ne ya cire tabarau ya tambayi Kabtin ko yana tsallake magani. Kabtin ya dawo gida ransa a ɓace.

"Ni zai tambaya ko ina bin doka? Ni da nake korar ɗan wasa don ya makara minti biyar?"

"To me ya ce game da abinci?"

"Kullum sai ya tambaye ni ko ina cin salaɗa. Na rantse masa da Allah ban taɓa ba."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba. Ni kuma da na ji lamba ta ƙi tashi, sai na ce jinin ne bai ƙaru ba tukuna, na ƙara hannu a zogale.

Mako na huɗu da na biyar su ne suka fi mini nauyi. An sake ƙara ƙwayar, lamba tana nan inda take, likita kuma ya faɗa masa ƙarara cewa muddin tana ƙasa, gudajin na iya dawowa kowane lokaci. Ya koma aiki rabin yini, amma in La'asar ta yi sai ya ja kujera bakin taga ya zauna. Ba a hango filin daga gidanmu, sai dai in iska ta juyo a ɗan ji hayaniya. Kulob ɗin ya sha kashi sau biyu a jere, aka zo aka gaya masa, bai ko yi faɗa ba. Wannan shirun ya fi tayar mini da hankali a kan kumburin ƙafar. Wata rana ina kwashe kwanuka ya ce:

"Rakiya, in ƙafar nan ba za ta koma fili ba, ban ga abin da nake yi a garin nan ba. Sito ai ko'ina akwai shi."

Na ce ya daina wannan magana, ya shanye ruwan zogalensa. Ya shanye.

A mako na shida zogale da garin kuka suka ƙare. Khala Asiya ta tafi Madina wurin 'yarta da ta haihu, mulukhiyya ta yanke. Ni kuma mura ta kwantar da ni, ban iya zuwa kasuwa ba, sai abin da ya sawwaƙa: shinkafa da wake, taliya, kifi, burodi da shayi. Litinin ɗin makon kuma ba mu je awo ba, saboda ni ina kwance shi kuma ya ce ya gaji da jin lamba ɗaya. Kwana goma ba ganye a gidan, ina ta jin haushin kaina cewa na yi sakaci da jinya.

Ranar Asabar da safe yana goga asuwaki ya tofar, sai jini. Ya kurkure, ya sake tofarwa, jini. Da zai sa wando na ga wani tabo baƙi-baƙi a cinyarsa, faɗinsa ya kai tafin hannu, ya ce shi bai san ya bugi komai ba. Kafin mu gama wannan magana hanci ya ɓalle. Na kira Maryam na ce ta same mu a asibiti, kuma yau ƙafata ƙafarsa har gaban likita, ko za a kore ni.

Lamba ta haura biyar. Likitan ya dubi takardar ya dube mu, ya ce shi bai gane ba. Mako biyar jini ya ƙi tsinkewa, yanzu kuma ya tsinke ya wuce wuri, da ƙwaya iri ɗaya. Ya ce lallai akwai abin da ya canza a gida. Sabon magani? Babu. Maganin gargajiya? Babu. Azumi? Babu. Ni ina gefe ina jin kunya, na ce wa Maryam da Hausa:

"Gaya masa laifina ne. Ban samu na yi masa abincin ƙarin jini ba kwana goma, zogale ya ƙare."

Maryam ta fassara. Ya tambayi mene ne zogale. Ta rasa sunansa da Larabci, ta ce wani ganye ne na ƙasarmu, ana haɗa masa da mulukhiyya. Likitan ya ajiye biro.

"Mulukhiyya? Sau nawa a mako?"

"Umma, wai sau nawa a mako?"

"Wane irin mako? Kullum. Ganye sau uku a rana, ban da na sha."

Likitan ya dafe kai da hannu biyu, ya juya wurin Kabtin.

"Ya Kabtin, mako biyar ina tambayarka ganye."

"Ya Daktur, salaɗa ka tambaye ni. Wannan ai miya ce."

Maryam ta toshe baki da gyale. Likitan ma sai da ya yi dariya, sannan ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce koren ganye, ɗanye ne ko dafaffe ko busasshe, yana da wani sinadari da ke taimaka wa jini ya daskare, ƙwayar kuma aikinta ta hana. Wato mako biyar shi yana ƙara magani a asibiti, ni ina kashe shi a tukunya. Da ganye ya yanke kwatsam, sai ƙwayar da aka ninka ta samu fili ita kaɗai, shi ne jinin ya tsinke haka. Ya ce da ya faɗi a matakala ko ya bugi kai a wannan makon, da labari ya bambanta. Ya kuma ce shi ma da laifinsa, da ya tambayi me ake dafawa a gidan tun farko, don mahaifiyarsa ma abin da za ta yi ke nan. Na gode masa da wannan maganar, ko da don ya sanyaya mini rai ya faɗa.

Amma ba ta hana ni kuka ba. Na fita baranda, wurin da na zauna ranar farko, na yi mai isata. Na murza ƙafa na kusa kashe shi, na dafa miya na kusa kashe shi, ni da ake yabo a unguwa. Aka riƙe shi kwana biyu ana lura da shi. Da na shiga da jajayen idanu ya dube ni ya ce:

"Haba Rakiya. Ni na ce ki murza, ni na ce salak. In kati za a bayar, ni ke da ja, ke ko rawaya ba ki kai ba."

"Ka yi mini shiru. Mutum ya shekara ashirin yana jin Larabci bai san khudra ba."

"Na san ta mana. Ban dai san ina cinta ba."

Na yi dariya ba don ina so ba.

Dokar da likita ya ba mu a wannan karon a gabana ya faɗe ta, Maryam ta rubuta da Hausa. Ganye ba haramun ba ne. Abin da ba a so shi ne yau kwano uku gobe babu. A zaɓi ƙima ɗaya a tsaya a kanta, shi kuma ya daidaita ƙwayar da ita. Muka yanke ludayi ɗaya na miyar ganye, Talata da Juma'a, ba ƙari ba ragi. Ruwan zogale kuwa aka sallame shi. Ƙaho ma ya ce kada a kuskura, muddin yana shan ƙwayar.

Da Khala Asiya ta dawo daga Madina na gaya mata. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin mulukhiyya ta cuci ɗan Adam ba, likitocin zamani ne dai da neman magana. Kwana uku ba ta shigo ba. A na huɗu, ranar Juma'a, sai ga ta da ɗan ƙaramin kofi a rufe.

"Ludayi ɗaya ne, na auna. Yalla, ba shi tun da zafi."

Daga nan abu ya fara kyau. Litinin ta farko biyu da ɗigo ɗaya. Ta biyu, biyu da rabi. Daren ta uku ba sai na ce komai ba, da asuba ya riga ni shiryawa. Muka zauna a layin nan da na haddace fuskokin mutanensa, har da wani tsoho ɗan Yaman da kullum sai ya tambaye ni lambarmu kamar sakamakon wasa. Takarda ta fito, biyu da ɗigo huɗu. Kabtin ya riƙe ta yana kallo, ya ce alhamdu lillahi a hankali, ya sake cewa.

Likita ya ba shi izinin komawa fili, amma da sharaɗi. Zai sa doguwar safa mai matse ƙafa. Zai tsaya, zai taka, zai yi ta ihunsa yadda ya saba. In tafiya ta yi nisa a mota, a tsaya ya sauka ya miƙe ƙafa. Amma shiga cikin wasa ya ƙare, domin mai shan wannan ƙwayar in aka yi masa shigar da aka saba yi a fili, jini na iya zuba a ciki ba a sani ba. Na zuba ido in ga yadda zai karɓa. Ya ce ya yarda, dama matasan sun fara jin nauyin kayar da shi.

'Yan uwana mata, ga abin da na koya, ku ɗauka kyauta. Ƙafa ɗaya in ta kumbura ta yi zafi, musamman bayan doguwar tafiya, kada ku murza, ko da mijin naku shi ne sarkin tausa. In za a sallami majinyaci, mai dafa abincin ta shiga wurin likita da kanta, ta lissafa masa abin da ke shiga tukunya da sunansa, ko da kwatance ne. Kuma ba duk ciwon jini ne ke son ƙarin jini ba. 'Yan dubiya suna da ƙauna, Allah ya saka musu, amma ba su ga takardar awo ba.

Ranar da ya koma fili, tun Azahar ya fito da fararen takalmansa ya goge. Ya sa safar likita, ya ɗora wandon atisaye a kai don kada a gani. Na raka shi bakin ƙofa ina jera masa sharuɗɗa, yana cewa to, to, ƙafarsa ɗaya a waje. Bayan ya fita na kasa zama. Na share falo sau biyu. Can iska ta juyo, na ji wata irin sowa daga wajen filin, na san ya isa.

Bayan Magariba ya dawo, murya ta dushe saboda ihu. Ban bar shi ya zauna ba sai da na sa ya naɗe wando na duba ƙafafun gaba da baya. Babu tabo, babu ƙwarzane. Na sunkuya zan kawar da takalman, sai na ga na dama da shatin ƙura zagayayye a gefen ciki.

"Kabtin, wannan fa?"

Ya dubi takalmin, ya dubi silin.

"Gangarowa ta yi har gabana, Rakiya. Mutum ashirin suna kallona. Da gefen ƙafa na tura, ko tashi sama ba ta yi ba. Ba kowa kusa da ni."

Na buɗe baki zan fara, sai na ga fuskarsa. Wata uku rabon da in ga wannan fuskar a gidana, kuma don ita na yi ta dafa abin da na dafa. Sai na fasa faɗan.

"Ta dai isa wurin wanda ka tura wa?"

"Har kan ƙafarsa."

Na ce ranar Litinin da bakinsa zai gaya wa likita, in bai faɗa ba ni zan faɗa. Ya ce ya ji. Na zuba masa abinci ya ci yana ba ni labarin wanda ya yi ƙiba da wanda ya manta tsaron baya. Takalmin kuwa sai da ya kwana biyu a bakin ƙofa ban goge shi ba.